Haraji da Aikin Yi: Amsoshin Tambayoyinku

Tun da sababbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kan abu uku: nawa zan biya, wa zan ba, kuma me za a yi da kuɗin. Dokokin guda huɗu ne, Shugaba Bola Tinubu ya sa musu hannu ranar 26 ga Yunin 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Ga wasu daga cikin tambayoyin da amsoshinsu.

Tambaya: Albashina naira 150,000 ne a wata. Ana ta cewa an yafe wa talaka haraji, ni kuwa har yau ana yanka mini. Yaya lissafin yake? Daga wani ma'aikaci a Zariya.

Amsa: Malam, wanda aka yafe wa gaba ɗaya shi ne mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 a wata, da wanda abin da ya rage masa a shekara bayan an fitar da rangwame bai wuce naira 800,000 ba. Kai ka haura wannan, saboda haka akwai haraji a kanka, amma bari mu ga nawa ne.

Albashinka a shekara naira miliyan 1 da dubu 800 ne. Mu ɗauka ana cire maka kashi 8 cikin ɗari na fansho a kan dukkan albashin, wato naira 144,000. Mu ɗauka kuma kana biyan hayar gida naira 300,000 a shekara. Doka ta ba ka rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin haya, matuƙar rangwamen bai wuce naira 500,000 ba, naka ya kama naira 60,000. In aka fitar da waɗannan biyun, saura naira 1,596,000. Dubu 800 ɗin farko babu ko kwabo a kansu. Sauran naira 796,000 su ake cire wa kashi 15 cikin ɗari, ya ba da naira 119,400 a shekara, wato naira 9,950 a wata.

Matakan da ke gaba ga masu babban albashi su ne: kashi 15 yana tafiya har naira miliyan 3, daga nan kashi 18 har miliyan 12, kashi 21 har miliyan 25, kashi 23 har miliyan 50, abin da ya haura haka kashi 25. Kowane kashi yana hawa ne kan ɓangaren kuɗin da ya faɗa cikin matakinsa kawai, ba kan dukkan albashin ba. Mutane da yawa suna kuskure a nan.

Inda aka fi samun matsala shi ne rangwamen haya. Ba ya zuwa da kansa. Sai ka kai rasit ko takardar yarjejeniyar haya ofishin albashi, in ba haka ba za a yi maka lissafi kamar ba ka biyan haya. Mai zaune a gidan kansa ba shi da wannan rangwamen. Ka kuma nemi takardar shaidar biyan haraji daga hukumar harajin jiharka duk shekara, domin akwai wuraren aikin da ke yanke kuɗin a albashi amma ba sa miƙa shi, alhali doka ta ce a miƙa kafin 10 ga watan da ke biye.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda. Jami'an haraji kan zo su dubi shago su yanka mini kuɗi da ka. Ina da ta cewa? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Kana da ita, Alhaji, amma sai da littafi a hannu. Haraji a kan riba yake, ba a kan ciniki ba, kuma ba a kan yawan dilar da ke jibge a shago ba. Jami'i yana yanke adadi da ƙiyasi ne in bai samu rubutun da zai dogara da shi ba, kuma doka ta yarda masa da hakan.

Ga misali. A shekara ka yi cinikin naira miliyan 20. Kayan da ka sayar ka saro su a miliyan 17. Hayar shago dubu 600, albashin yaron shago dubu 480, kuɗin mota da dako dubu 420. Ribarka miliyan 1 da rabi ce. A fitar da dubu 800, saura dubu 700, kashi 15 ɗinsu naira 105,000 ne a shekara. Wanda ya ga miliyan 20 na shiga asusunka ba tare da wannan bayani ba zai yanka maka abin da ya ninka haka sau da yawa.

Abin da ake bukata ba mai wuya ba ne. Littafi ɗaya na sari, mai kwanan wata da sunan wanda ka sara a wurinsa da rasit a maƙale. Littafi ɗaya na cinikin kullum. Shafi na musamman na bashin da ka bayar da wanda ake bin ka. Sai asusun banki na shago daban da na cefanen gida, domin kuɗin adashe da gudunmawar biki da ajiyar abokai in suka cakuɗe da ciniki, ware su a gaban jami'i jidali ne. Ka shigar da bayanin kuɗin shigarka kafin 31 ga Maris na kowace shekara. Lambar NIN ɗinka ita ce tushen lambar harajinka yanzu.

In an kawo maka takardar kimantawa ba ka yarda ba, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, ka faɗi adadin da kake ganin shi ne daidai da hujjarka, ka sa a buga maka hatimi a kwafinka. In kwanakin suka wuce ba ka rubuta ba, adadin ya zauna. Gardama da baki a ƙofar shago ba ta shiga fayil. Bayan hukumar akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, akwai kuma sabon ofishin sauraron koken masu biyan haraji da dokar 2025 ta kafa.

Tambaya: Daga Maigatari zuwa Kudu da motar shanu, ba mu san adadin wuraren da ake tare mu a ce sai mun yanki tikiti ba. Duk wannan haraji ne? Daga wani dillalin dabbobi.

Amsa: Mafi yawansa ba haraji ba ne. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, ko da hukumar haraji ce da kanta. Abin da ke halal shi ne kuɗin kara da na tasha a inda aka yi lodi, da takardar likitan dabbobi, da kuɗin kwata a inda za a yanka. Abin da ake karɓa a shingayen hanya galibi ba ya isa baitulmali, kuma a ƙarshe mai sayen nama ne ke biyansa, makiyayi kuma a rage masa farashi a kara.

Direba shi kaɗai da tsakar dare, da shanu suna galabaita a bayan mota, ba zai tsaya jayayya da masu gora ba, kuma ba mu ba shi shawarar ya yi. Aikin ƙungiya ne. Ku tara duk tikitin da aka ba ku a tafiya goma ko ashirin, a rubuta a bayan kowanne wuri da rana da adadin da aka karɓa, domin sau da yawa abin da aka karɓa ya fi abin da ke rubuce. A haɗa su cikin takarda guda a kai wa hukumar harajin jihar da abin ya faru da Hukumar Haɗin Gwiwa ta Haraji da ke Abuja. Koke mai ɗauke da tikiti ɗari ya fi koke mai ɗauke da ɓacin rai tasiri.

Tambaya: An ɗora mini aikin ƙara kuɗin shiga a ƙaramar hukumarmu. Shugaba yana son a ninka kuɗin rumfa da na tasha. Shin hanyar ke nan? Daga wani jami'in kuɗi a jihar Katsina.

Amsa: A'a. Ka roƙi shugaba ya ba ka wata shida kafin a taɓa farashi, domin a yawancin ƙananan hukumomi matsalar ba ƙarancin abin da ake karɓa ba ce, ƙarancin abin da ke isowa ne.

Fara da ƙirga. Ka shiga kasuwa da mutanenka ranar da take ci, tare da Sarkin Kasuwa da shugabannin layuka, a ba kowace rumfa lamba da fenti, a rubuta sunan mai ita da sana'arsa da lambar wayarsa. A yi haka a tasha da kwata da kara da shagunan bakin titi. In kasuwa tana da rumfa 2,000, kowacce tana biyan naira 200 ranar kasuwa sau ɗaya a mako, abin da ya kamata ya shigo naira 400,000 ne a mako, kusan miliyan 21 a shekara. Ka ɗauko littafin baitulmali ka kwatanta. Tazarar da za ka gani ita ce aikinka na farko.

Kuɗin yana zurarewa ta hanyoyi sanannu. Akwai mai buga nasa kundin rasit a gari. Akwai mai karɓar ɗari biyu ya yaga rasit ɗaya wa mutum uku. Akwai kasuwar da aka jinginar wa wani ɗan siyasa a kan adadi ƙayyadadde tun shekaru, ciniki ya ninka amma abin da yake kawowa bai motsa ba. Maganin shi ne a raba mai kimantawa da mai karɓa da mai bincike, kada mutum ɗaya ya riƙe biyu. A daina karɓar tsaba: biya ta na'urar POS da ke zuba kuɗi kai tsaye a asusun hukuma, mai biya ya samu saƙo a wayarsa. A kafa allo a ƙofar kasuwa da Hausa, da boko da ajami, mai nuna kuɗin kowace irin rumfa. A haɗe ƙananan kuɗaɗe biyar ko shida su zama takarda ɗaya. Kuma a biya masu karɓa haƙƙinsu a kan lokaci, domin wanda ya yi wata huɗu ba alawus zai biya kansa daga jaka.

Jihar Kaduna ta bi irin wannan hanya daga 2015: asusun bai-ɗaya, dokar 2016 da ta tattara haraji wuri guda a ƙarƙashin hukuma ɗaya, hana karɓar tsaba, da mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta. Kuɗin shigar cikin gida ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Rajistar filaye ce ɓangaren da jihohin Arewa suka fi sakaci da shi, alhali gida ba ya gudu ba ya ɓuya, kuma mai manyan gidaje a unguwar masu hali ya fi mai tallan gyaɗa ikon biya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi nauyi. A ware wani kaso na kuɗin kowace kasuwa a kashe a cikinta, a rubuta a allo: wannan wata an tara kaza, an yi magudanar layin 'yan hatsi da kaza. Talakan Arewa yana da dogon tarihi da haraji. Ya ga lokacin da baitulmalin En'e ta Kano ta kawo ruwan famfo daga Challawa a farkon shekarun 1930, ya kuma ga lokacin da haraji da jangali suka zama bulala da tozarci, har soke su da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a Kano da Kaduna bayan hawansu mulki a 1979 ya zama abin da ake tunawa da su da shi. Mutanen da ke da wannan tarihi ba za su biya da daɗin rai ba sai sun ga aiki da idonsu.

Tambaya: Na gama digiri shekara huɗu ba aiki. Tunda kuɗin gwamnati ya ƙaru bayan cire tallafin mai, me zai hana ta ɗebi matasa aiki kawai? Daga wata matashiya a Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, akwai guraben da ya wajaba a cike, musamman malaman firamare da ungozoma da ma'aikatan jinya da malaman gona. Waɗannan ba a jayayya a kansu. Amma ɗibar aiki don rage zaman banza kawai an gwada, kuma lissafinsa a bayyane yake. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya ɗauki mutum 500,000 a rukuni biyu na farko, kowa naira 30,000 a wata. Wannan naira biliyan 180 ne a shekara. Da wa'adi ya cika aka sallame su, akasarinsu suka koma neman aiki. Shirin ayyuka 774,000 na 2021, mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, ya ci sama da biliyan 46, kuma bayan wata ukun babu abin da ya rage yana samar da aiki. Kuɗin sun taimaki gidaje, ba mu musa ba, amma tallafi ne.

Jarin da ke haifar da aiki shi ne wanda ke rage wa dubban masu sana'a tsadar yin sana'arsu. Dubi madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Audu Bako a farkon shekarun 1970. Ruwanta ne ya mai da Kura da Bunkure da Garun Malam wuraren noman rani. Ka tsaya a bakin titin Kano zuwa Zariya lokacin kakar tumatir ka ƙirga masu cin abinci daga wannan ruwa: mai dashe, mai ban ruwa, mai tsinka, mai saƙa kwando, ɗan dako, dillali, direba, mai gyaran injin ban ruwa, matan da ke turara shinkafa, masu injin casa, mai sayar musu da abinci. Babu ɗayansu da ke cikin takardar albashin gwamnati, kuma shekara hamsin ke nan ana yi. Daga cikinsu ake samun masu shago da mota da kamfani da za a karɓi haraji a hannunsu. Nan ne haraji da aikin yi suke haɗuwa.

Irin wannan jari yana lalacewa ne ta wajen kula. Magudanan ruwa suna cikewa da yashi, kacalla tana toshe su, ƙofofin raba ruwa suna tsatsa, manomin da ke wutsiyar magudana ya daina samun ruwa ya bar gonar. Haka ta faru a Kadawa da Bakolori da kwarin Haɗeja, har sai da aka ciyo bashin Bankin Duniya a 2014 don gyara su. Gyaran fili da aka riga aka shimfiɗa ya fi gina sabuwar madatsa araha da sauri, amma ba shi da bikin yanke kyalle, shi ya sa kasafin kuɗi ke tsallake shi. Duk jihar da ke da gaske za ta sa kuɗin yashe magudana a kasafin kowace shekara, ta bar ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su karɓi kuɗin ruwa su riƙe wani kaso don gyaran ƙananan magudanai.

Bayan ruwa sai wuta. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da Kakuri ba rashin ma'aikata ya durƙusar da su ba. Tsadar wuta da man injin, da kayan waje masu shigowa ta ɓarauniyar hanya, su suka rufe masaƙun Kaduna ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, UNTL, ta rufe a 2007. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Layi guda na musamman zuwa rukunin masu walda ko masu injin niƙa ko majema, mai ba da wuta awa goma sha biyu tabbatattu da rana, zai samar da aiki fiye da rabon keken ɗinki dubu. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020, amfaninsa ga Arewa ya dogara ne da ƙananan bututun da za su kai gas ɗin ƙofar masana'anta da tashoshin wuta.

Tambaya: To me zai hana gwamnatin jiha ta gina masana'anta da kanta? Daga wani malamin makaranta a Birnin Kebbi.

Amsa: Saboda gina masana'anta shi ne ɓangare mai sauƙi. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta an fara shi tun 1979, har yau bai narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Ko 'yan kasuwa masu jari suna tuntuɓe in ba a shirya abin da ke kewaye da masana'antar ba. Kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, wanda aka buɗe a 2016 don sarrafa tan 1,200 a rana, ya sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir: tsutsar da ta cinye gonaki a shekarar, ƙarancin amfanin da kadada ke bayarwa, da manoman da ke kai kayansu kasuwa duk lokacin da farashinta ya fi na kamfani.

Kafin a sa kwabo a irin wannan aiki a amsa tambaya huɗu a rubuce. Ina kayan sarrafawa za su fito wata goma sha biyu? Wa zai saya, a kan nawa? Nawa wuta da ruwa za su ci a kowane tan? Wa zai gudanar, kuma wa zai kore shi in ya gaza? Gwamnati ta tsaya ga fili mai takarda, hanya, wuta, ruwa, ingantaccen iri da malaman gona, ta bar mai jari ya sa kuɗinsa a injin.

Tambaya: Ina fitar da zakka duk shekara. Ba ta wadatar ba? Daga wata 'yar kasuwa a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, Allah Ya karɓa. A dokar Najeriya zakka ba ta maye gurbin haraji, kuma hukumar haraji ba za ta karɓi shaidar fitar da ita a matsayin biya ba. Hukuncin shari'a kan haɗuwar biyun kuwa na malamai ne.

Tambaya: Ta yaya zan san harajin da nake biya yana dawowa jiharmu? Daga wani mai kantin kayan gini a Bauchi.

Amsa: Harajin kuɗin shigarka na kai yana zuwa ne ga jihar da kake zaune. Harajin VAT da ake ɗorawa a kan farashin kaya, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, hukumar tara haraji ta ƙasa ce ke karɓa, a raba: tarayya kashi 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Wajen raba wa jihohi, rabi ana yi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Wannan na ƙarshen ya shafe ka kai tsaye. In simintin da ka saro an rubuta shi a takarda cewa Bauchi aka kawo shi, Bauchi za a lissafa wa. Saboda haka ka riƙa neman takardar sari mai ɗauke da adireshin shagonka na gaskiya. Kayan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafan makaranta ba a ɗora musu VAT, duk wanda ya ƙara maka shi a kansu ka tambaye shi dalili.

Sanin inda aka kashe kuɗin kuma yana bukatar takarda biyu: kasafin shekara, da rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, waɗanda jihohi ke sakawa a shafukansu na intanet. Ka nemi aiki guda da ka sani, a ce hanyar da ta ratsa unguwarku. Ka duba nawa aka ware, nawa aka saki, sannan ka je ka ga abin da ke ƙasa. In an rubuta an saki kashi 70 amma ko kwalbati ba a zuba ba, ƙungiyar 'yan kasuwarku ta rubuta wa ma'aikatar ayyuka da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku da Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, a haɗa da lambar aikin kamar yadda take a kasafi, da hoto mai kwanan wata, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.